Daɓen da Gara Ba Ta Ci

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kamar yadda ya faɗo a waccan shekarar. Masu lissafi sun ce haka watan yake zagayawa, sai mutum ya yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya sake gamuwa da shi a inda ya bar shi. To, ni na gamu da shi. Jiya da azahar ina kwance a rumfa, maƙogwarona kamar an barbaɗa masa toka, iska tana busowa daga gonaki da zafin bakin tanda, sai cikina ya tuna abin da kaina ya daɗe yana son mantawa. Ku matso in ba ku. Ba tatsuniya ba ce, babu gizo a ciki, kuma babu wanda zai yi dariya a ƙarshe.

A waccan shekarar damina ta yi gardama. Ruwa ya sauka a makare, ya ɗauke da wuri, dawa ta tsaya da ciki ba ta haihu ba. Muka ce ba komai, ai mu mutanen kanal ne, rani ne daminarmu. Tun da aka jawo wa ƙasar Kura da Bunkure ruwan Tiga, mun saba da alkama da tumatur da albasa, har rumbunanmu suka ƙanƙance, don wa zai tara dawa alhali tumatur na tafe? Sai ga sanarwa, wai ruwan dam ya yi ƙasa, kuma za a yi gyara, an rufe ɓangarenmu. Aka ce kwana kaɗan ne. Kwana kaɗan ɗin nan shi ya cinye rani.

Irin tumatur da aka yafa ya fito, ya yi kunne biyu, ya kwanta. Gindin kanal ya tsattsage kamar faso. Da fari yara suna tono tarwaɗa a cikin laka, daga baya ko kwaɗo babu. Guga ya shiga rijiya ya fito da rabin ruwa rabin taɓo. A haka watan azumi ya kama. Mu sha ruwa da kunun tsamiya tsararo, wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki, mu bi da kwaɗon zogale babu ƙuli. Tuwon dusar masara shi ne na sahur, in an samu.

Mu biyu ne mata a gidan, ni da faccalata Talatu, matar Ɗanjuma ƙanin maigidana. Talatu tana da 'yarta ta fari, Binta, ta fara rarrafe. Ni kuma ƙaramina a lokacin shi ne Nasiru, bai fi shekara uku ba, amma babu mai kiransa da sunan. Aku ake ce masa. Yaron nan ya yi baki kafin ya yi ƙafa. Ya ji mai tallan kananzir sau ɗaya, ya kwaikwaye shi har da tarin. In yayyensa sun dawo daga makarantar allo suna bita, shi yana wasan ƙasa, kashegari sai ka ji shi yana jan karatun a gindin turmi, ba ya tsallake ko aya. Malamin allon unguwarmu ya taɓa tsayawa a zaure ya saurare shi, ya ce da maigidana, "Wannan ku ajiye mini shi. In Allah ya raya shi, alaramma ne." Ban nuna na ji ba, amma ranar ko yunwa ban ji ba.

Da abin ya yi tsanani, Ɗanjuma ya tafi birni neman ƙwadago. Ya dawo ba da hatsi ba, da amalanke cike da matattun baturan mota da na tarakta, baƙaƙe, masu nauyin tsiya.

Maigidana ya ce, "Kai Ɗanjuma, mun aike ka neman abinci ka kwaso mana bola?"

Ya ce, "Yaya, abincin ne a ciki. Dalma ce. Ruwan dam ya janye, kifi ya taru wuri ɗaya, kowa ya zama masunci. Ido rufe suke neman dalmar da za su ɗaura a bakin taru ya nutse. Maharba ma suna so. Na ga yadda ake narka ta, ba wuya."

Aka yi shawarar inda za a yi aikin. A waje, maƙwabta za su gani su kwaikwaya, kasuwa ta lalace. Saboda haka aka kafa murhun a cikin gida, a kusurwar tsakar gida, kusa da madafa. Tsohon kaskona na ƙosai, da yake babu wake, shi aka ɗora.

Ga yadda ake yi. A sare kan batirin da gatari. A ciki akwai wani ruwa, a tsiyaye shi. Ruwan nan shi kowa ya ji tsoro, don rana ta farko ya fallatsa wa Ɗanjuma a wando, kafin la'asar wandon ya zama rariya. Maigidana ya haƙa rami a bayan gida don shi kaɗai, ya tara yara ya nuna musu bulala. "Wannan ruwan wuta ne. Wanda na gani a bakin ramin nan, sai na fasa masa jiki." Muka kiyaye ruwan nan kamar yadda ake kiyaye kunama. Sai a zaro faya-fayan ciki, a karkaɗe wata ƙasa-ƙasa mai ruwan toka da ke jikinsu, a jefa su a kasko. Ƙasar nan kuwa ba ta ƙuna, ba ta wari, ba ta cin zane. Abin da ba ya ƙuna, wa zai ji tsoronsa?

Ni da Talatu muke karɓa-karɓa wajen zuga wuta, bakinmu da azumi, rana a ka, gawayi a gaba. Dalma ta narke ta kwanta tana ƙyalli kamar azurfa, a kwashe dattin da ya taso a watsar gefe, a tsiyaya ta a 'yan ramukan yumɓu. Hayaƙinta yana barin wani zaƙi-zaƙi a harshe. Wannan ya dame mu ƙwarai. Talatu ta ce, "Yaya, anya zaƙin nan bai karya mana azumi ba?" Muka sa aka je aka tambayi malam. Ya ce hayaƙin da mutum bai shaƙa da gangan ba, ba ya karya azumi. Hankalinmu ya kwanta. Ita ke nan tambayar da muka yi a kan hayaƙin nan, ita kaɗai.

Ranar da Ɗanjuma ya dawo daga wurin masunta da gero a bayan keke, har da 'yar jarkar man gyaɗa, Talatu ta rangaɗa guɗa da ranar Allah. Aku ya kwaikwaye ta, gida ya kaure da dariya. Mun ci tuwo na gaske. Ba zan yi muku ƙarya ba, dalmar nan ita ta fitar da mu daga azumin nan da ranmu.

Dattin kasko da ƙasar faya-fayan suka taru suka zama tsibi. Talatu ce ta fara lura. Gara ta addabe mu a shekarar, ta ci zana, ta ci tabarmi, ta fara hawan rumbu, amma gefen tsibin nan ko kiyashi ba ya bi. Ga tsakar gidanmu duk ta farfashe, ga salla tana matsowa, kuma al'ada ce a yi sabon daɓe kafin ruwa ya sauka. Marmarar da ake daɓen da ita sai an je nesa an ɗauko a ka, mu kuwa ga azumi ga rashin ƙarfi. Muka ce, ga tsakuwa Allah ya kawo har gida, kuma gara na gudunta. A ɗauko marmara rabi, a cika da wannan.

Aka kira gayya. Matan layinmu suka zo da sanyin safiya, kowace da madaɓinta, kowace da tulun ruwa a ka, don a shekarar ruwa shi ne gudummawa. Muka daka dattin nan a turmi, muka tankaɗe, muka cuɗa da marmara da hannuwanmu. Muka durƙusa a jere, goyo a baya, madaɓai suna sauka tare, tim, tim, wata tana bayar da waƙa da busasshiyar murya muna amsawa. Ƙura ta tashi ta zauna a girarmu da kan jarirai. Da rana ta ɗaga aka yayyafa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, aka sake bi. Kwana biyu muna yi.

Ban taɓa ganin daɓe irinsa ba, kuma ban sake gani ba. Ya fito baƙi-baƙi yana sheƙi, santsi kamar bayan ƙwarya, tauri kamar dutse. Mata suka riƙa shigowa kallo. Wadda duk ta taya mu aiki ta roƙi ragowar, muka ɗiba mata a ƙwarya ta kai ɗakinta. Mun bayar da zuciya ɗaya.

Akwai Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugar da ke bayan gari. Bayan salla ta shigo, ta sauke ƙwarya, ba ta yi wasan da ta saba ba. Ta ce ɗan maraƙinta ya bi ta bayan gidanmu inda ake zubar da fasassun batura, ya yi lasa. Kwana biyu ya makance, yana zagaye wuri ɗaya, yana cizon haƙora, yana tura kai jikin bishiya, har ya faɗi.

Ɗanjuma ya ce, "Ayya Dije, ruwan ramin ya sha. Ki yi haƙuri, yau zan rufe shi."

Ta ce, "Ramin a bushe yake, na duba. Ƙasar ya lasa."

Ya ce, "Ƙasa kuma? Ƙasa tana kisa ne, 'yar Fulani? Ke dai ba ki son a ce ba ki iya kiwo ba."

Aka yi dariya. Ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta dubi Binta, wadda ke kwance rub da ciki a kan daɓen tana lasar ƙasa, sannan ta fita.

Daɓen nan ya zama komai namu. In an yayyafa masa ruwa da yamma yana yin sanyi, yara su kwanta tsirara a kai. A kai muke shanya gero da kuka da kuɓewa, don ba ya sa tsakuwa. In ƙanzo ya faɗi, Aku ya tsince ya jefa a baki, ba mai hana shi, ai wuri ne mai tsabta. Agwaginmu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, muka ce zafi ne. Maza suna kukan ciwon kai da murɗar ciki, muka ce wahala ce.

Sai hadari ya haɗu daga gabas. Iska ta juya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa, sannan ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita suna tsalle. Ruwa ya bi ta kan daɓen ya wuce bai ɗauki ko ƙwayarsa ba, muka ce kun gani, aiki ya yi. Aka yi shuka. Gero yana kai gwiwa Binta ta fara amai. Kuka ba dare ba rana, ciki ya ƙulle, ta ƙi nono. Sai jijjiga, ido ya juye, hannu ya sandare. Wasu suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Wasu suka ce zazzaɓin damina ne, aka kai ta asibiti a keke aka yi mata allura. Ba wanda ya tambaye mu sana'ar gidanmu, mu ma ba mu ga abin faɗa ba. Ranar wata Laraba da hantsi ta cika a cinyar uwarta. Cikin da Talatu ke ɗauke da shi ma bai zauna ba.

Aku bai mutu ba. Ya yi ciwon ciki, ya yi kwanaki ba ya bayan gida, tafin hannunsa ya yi fari fat, abinci sai da dure. Ya yi jijjiga sau ɗaya, na riƙe shi ina kiran sunayen Allah, ya dawo. Na yi sadaka, na ce an bar mini nawa. Jiki ya murmure. Amma maganar nan tasa ta fara kaɗewa kamar ganyen kuka da rani, yau ɗaya, gobe biyu. A kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Abu kaɗan ya faɗi ƙasa yana birgima yana cizo, yaron da dā ko kuka bai cika yi ba. Wata rana Dije ta ce masa, "Aku, yi mini kiran nono mana in ji." Ya tsaya yana kallon bakinta, ya ɓuya a bayan zanena.

An buɗe kanal da rani na gaba. Tumatur ya dawo, aka watsar da sana'ar dalma, aka manta. Daɓen ya zauna. Inda ya ɗan fashe mu yi masa ciko, gara kuwa ba ta taɓa kusantarsa ba.

Da Aku ya isa, aka kai shi wurin malamin nan da ya ce a ajiye masa shi. Aka rubuta masa allo. Sa'o'insa suka wanke, suka wanke, suka yi nisa, shi yana kan na farko har tawada ta dushe aka sake bi. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Malam ya yi lallashi, ya yi dorina, ya gaji. Aka sa shi a boko, can ma haka, ƙannen bayansa suka same shi a aji suka wuce. Maigidana bai yarda ba. Yakan ce, "Yaron da ya ja karatu yana shekara uku? Gangan ne, lalaci ne!" Ya dake shi har sai na shiga tsakani.

Wata rana ya dawo da shatar bulala a baya, ina shafa masa man kaɗe, ya ce, "Iya, wallahi da safe yana nan a kaina. Ina riƙe shi. Kafin malam ya zo kaina sai ya zube." Na ce, "Ka ƙara riƙewa." Me zan ce?

Ranar saukar sa'o'insa, shi ya shimfiɗa tabarmi, shi ya riƙe rago. Ya dawo gida ya ƙi cin waina. Duk da haka bai jefar da allon ba, yana rataye a ɗakinsa, kowace shekara in azumi ya zo sai ya sauke shi ya ce bana zai wuce.

Ba shi kaɗai ba ne. Yaran da aka haifa a gidanmu bayansa, da na gidajen da muka ɗiba wa ƙwarya, da yawansu haka suka taso, karatu ba ya zama, zuciya a kusa. Ba su yi jijjiga ba, ba su kwanta ba, ba abin da za ka nuna ka ce ga ciwo. Sai dai a makaranta a ce, 'yan layin nan ƙwaƙwalwar kifi gare su. Wasu suka ce asiri aka yi wa layin. Wasu suka ce jini ne. Maigidana ya koma ga Allah yana ganin ɗansa malalaci ne.

Yanzu in an rufe kanal ba a yin irin waccan yunwar, kowa ya kafa bututu a gona ya tayar da inji. Batura kuwa sun fi na dā yawa, na sola, na babur mai ƙafa uku, masu sayen gwangwan suna bi gida-gida suna kiran a kawo matattu. In na ji kiransu nakan tashi in leƙa in ga ina yara suke.

Aku ya haura ashirin, ya zama ƙato, yana dakon kwandunan tumatur a kasuwar bakin titin Zariya, lokacin da rediyo ta fara faɗin cewa yara suna mutuwa a garuruwan masu haƙar zinariya, can yamma da mu. Amai, jijjiga, makanta. Aka ce gubar dalma ce, a cikin ƙurar dutsen da ake dakawa a tsakar gida. Muna tsince shinkafa ni da Talatu. Ta ajiye faifai. Ta ce, "Yaya, dalma suka ce?" Na ce na ji. Ta sake ɗaukar faifan, muka ƙarasa tsince shinkafar.

A lokacin babban ɗana ya yi aure, matarsa Hajara tana da 'yar jaririya da ta fara zama, a kan daɓen nan ake zaunar da ita. Ranar awo Talatu ta yafa mayafi ta bi Hajara asibiti, ta kwashe labarin nan duka ta faɗa wa malamar awo. Matar nan ta zo gidanmu da ƙafarta. Ta ɗebi ɓarɓashin daɓen a leda, aka ɗebi jinin yara aka kai birni. Da ta dawo ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta ƙi yarda a shimfiɗa mata tabarma a ƙasa.

Ta ce, "Iya, dalma ba ta ruɓewa. Shekara nawa ta yi, tana nan. Yaro yana rarrafe, ya sa hannu a baki, ta shiga. Cikin yaro ya fi na babba zuƙarta nesa ba kusa ba, balle yaron da ke da yunwa, jikinsa yana neman abin gina ƙashi da jini, sai ya karɓe ta a madadinsu. Daga jini ta hau kai. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro kuwa ba ta gama haɗuwa ba."

Na ce, "Kamar ɗanyen daɓe."

Ta ce, "Haka. Abin da ya taka shi yana ɗanye, da sawun zai bushe. Shi ya sa za ki ga yaro lafiyayye, amma riƙe karatu, da natsuwa, da ji, da haƙuri, duk an rage masa."

Na ce, "Akwai magani?"

Ta ce, "Wadda ke cikin jini ana iya rage ta, in ta yi yawa. Abin da ta riga ta taɓa a kai ba ya komawa. Amma wannan," ta nuna 'yar Hajara, "ba ta yi nisa ba. Ku fasa daɓen nan. Ku jiƙa shi da ruwa tukuna kada ya yi ƙura, ku kwashe har ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ku binne nesa da rijiya da gona, a zuba sabuwar ƙasa a yi siminti. Ku faɗa wa maƙwabta su ma."

Ɗanjuma yana zaure yana ji. Ya tsufa a lokacin. Bai shigo ba, bai ci abinci ba ranar.

Kashegari da safe aka kwarara ruwa, Aku ya ɗauko diga, don duk gidan ba wanda ya kai shi ƙarfi. Ban san yana bayan ɗaki jiya yana saurare ba. Daɓen ya yi gardama, diga tana sauka tana tsalle, sai da ya yi gumi kafin ya ɓalle ɓangare na farko. Rana ta ɗaga, ruwan da aka zuba ya fara bushewa. Hajara ta fito da 'yarta a kafaɗa ta tsaya bakin ƙofar ɗaki tana kallo. Ni ina kwasar ɓaraguzai a kwano.

Sai ya tsaya, ya dogara da ƙotar digar. Ya ce, "Iya."

Na ce, "Na'am."

"Matar nan ta ce ƙasar nan ce ta shanye mini karatu?"

Na ce, "Haka ta ce."

"Ba lalaci ba ne?"

"Ba lalaci ba ne, Nasiru. Bai taɓa zama lalaci ba."

Ya dubi ramin da ya yi. Ya ce, "To in na gama fasa shi duka, na kwashe, zai dawo?"

Talatu ta juya ta shiga madafa. Na so in ce masa in sha Allahu, kalmar tana bakina. Amma yaron nan an daɗe ana faɗa masa abin da ba haka ba.

Na ce, "Naka ba zai dawo ba. Na 'yar yayanka muke tsarewa."

Gumi yana ta ɗiga daga haɓarsa. Na ɗauka zai yar da digar, ko zuciyar nan tasa ta tashi. Sai ya waiwaya ya dubi jaririyar, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "To Hajara, fita da ita gidan maƙwabta, ya fara ƙura. Iya, a ƙaro ruwa."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga digar.